Me ya kamata a nuna a baje kolin tarihin binciken Jami'ar Jos?

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai za ta shirya baje kolin tarihin binciken Jami'ar Jos, kuna neman inda za ku fara. Allah ya taimaka.

Tarihin a taƙaice yake: an buɗe ta a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafafunta a 1975. Allo ɗaya ya ishe shi.

Inda nake so ku ba da ƙarfi shi ne cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar, mai suna A.P. Leventis, da ke dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a wajen garin Jos. Wallahi abin yana damuna, mutum ya gama digiri a Jos bai san da ita ba, alhali daga ƙasashen Afirka da dama ake zuwa yin digiri na biyu a can. A duwatsun wurin akwai wani ɗan jan tsuntsu da sai a 1998 masana suka tabbatar jinsinsa daban ne. Akwai kuma wani baƙin tsuntsu da ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa cikin na jan, har kukan mai gidan yake kwaikwaya. Ku samo hotuna, ku sa kukan a lasifika, yara za su tsaya.

Sai cibiyar binciken magungunan tsirrai da Bankin Duniya ya tallafa wa. Ku roƙe su ganye da saiwoyi na gaske, da bayani cikin Hausa.

Tsofaffin malaman da suka yi ritaya kuwa, ku je gidajensu ku naɗi muryoyinsu tun yanzu, kafin a kai ga buga katin gayyata.