Tambaya da Amsa: Jimillar Wata Kaɗai Za Mu Ajiye, Ko Kowane Ciniki Da Aka Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, muna da shaguna 12. Za mu gina babban rumbun bayanai domin fitar da rahoto. Maigidanmu ya ce mu riƙa zuba jimillar cinikin kowane wata kawai, tun da ita ce yake dubawa, kada mu cika wuri da layukan rasit. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Mene ne daidai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Hankalinka bai yi ƙarya ba. Ku ajiye kowane layin ciniki, bayan an tace shi. Daga layukan za ka fitar da jimilla duk lokacin da ka so, amma jimilla ba ta komawa layuka. Manomi gero yake zubawa a rumbu, saboda daga geron zai samu tuwo da fura da irin shuka. In ya niƙe shi duka ya dama kunu, to kunu kawai ya rage masa.

Ga misalin da maigidanka zai gane nan take. Wata rana zai tambaye ka sukari nawa aka sayar a azumin bana in an kwatanta da na bara. Azumi kuwa yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2023 ya fara ne a ƙarshen Maris ya ƙare a Afrilu, a 2025 kuma kusan duka a cikin Maris ya faɗo. In jimillar wata kawai kuke da ita, babu yadda za ka ware kwanakin azumi daga sauran kwanaki. In kana da kowane ciniki da ranarsa, sai ka ƙara ranakun Hijira a teburin kwanaki, wato jadawalin ranaku da ke cikin rumbun, aikin 'yan mintuna ya amsa tambayar. Haka nan in ya so sanin wane shago ne aka fi mayar wa da kaya, ko wane dila ne ya rage saye tun da aka ƙara farashi.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Manyan malaman wannan fanni biyu, Bill Inmon da Ralph Kimball, sun saɓa kan yadda ake tsara rumbun. Inmon, wanda littafinsa ya fito a 1992, yana ganin a fara gina babban rumbu guda na kamfani, sannan a ɗebo wa kowane sashe nasa. Kimball, a nasa littafin na 1996, ya fi son a bi harkokin kamfani ɗaya bayan ɗaya, a sa teburin alƙaluma a tsakiya, teburan bayani kamar na kaya da na shaguna da na kwanaki su kewaye shi kamar tauraro. Duk da wannan saɓani, dukansu suna ajiye bayanai tun daga mataki mafi ƙanƙanta. Kafin ku rubuta komai, ku zauna ku amince da ma'anar layi ɗaya a teburinku. A wajenku ina ganin ya zama kaya ɗaya a cikin rasit ɗaya.

Batun wuri kuma, mu yi lissafi. Mu ɗauka kowane shago yana fitar da layi 500 a rana. Shaguna 12 sun ba da 6,000, a shekara kusan miliyan 2.2. Ko da kowane layi ya ci bayit 200, wato wurin haruffa kusan 200, bai kai rabin gigabayit ba. Manhajar ajiye bayanai ta PostgreSQL a kan sabar (kwamfutar da ke riƙe bayanan) matsakaiciya za ta ɗauki wannan shekaru da yawa, ba sai kun je manyan rumbunan bayanai na intanet irin su BigQuery ko Snowflake ba tukuna. Jimillar da maigida yake so a gina ta a saman layukan, ta buɗe masa da sauri kowace safiya.

Inda wahalar take shi ne tacewa, kuma nan nake so ka fi zuba ƙarfinka. Za ka tarar da mutum ɗaya an rubuta shi Muhammad a wannan shago, Mohammed a wancan, Muhd a na uku. Lambar wayarsa nan ta fara da 0803, can da +234803. Wani ya rubuta Zariya, wani Zaria. Wani shago yana ƙirga da katon, wani da ɗaiɗai. Kwanan wata 03/04 kuwa, wata manhaja 3 ga Afrilu take nufi, wata 4 ga Maris. In aka zuba waɗannan yadda suke, rahoto zai nuna kwastomomi uku a inda ɗaya ne. Ku tsayar da ƙa'ida guda ga kowane irin bayani, ku rubuta ta, a bi ta a matakin da ake kira ETL, wato ɗebo bayanai, gyara su, sannan zuba su. Layin da ya ƙi bin ƙa'ida kada a share shi a ɓoye, a ware shi gefe wani ya duba. Ni dai ba na yarda da rumbun da bai ajiye ɗanyen bayanin yadda ya zo ba, domin ranar da aka gano ƙa'idar tacewa tana da kuskure, can za a koma a sake.

Kada kuma ku goge tarihi. In farashin buhun shinkafa ya tashi, cinikin bara ya zauna da farashin bara. In dila ya tashi daga Kano ya koma Kaduna, a buɗe masa sabon layi mai ɗauke da ranar farawa, a rufe tsohon.

Tun da layukan suna ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku. Ku ware sunaye da lambobi a tebur dabam mai ƙuntatacciyar shiga, masu haɗa rahoto su riƙa ganin lambar kwastoma kawai.