Zabura a tsohon Jamusanci: ta karatu daban, ta waƙa daban

Ɗan'uwa, ka tambaya inda za ka samu tsofaffin fassarorin Zabura na Jamusanci, wadda za ka karanta da kuma wadda mawaƙanku za su rera. Na yi shekaru ina waƙa a kwayar wani ƙaramin coci a Jamus lokacin da nake karatu, kuma na yi asarar kuɗi kafin in gane cewa littafi biyu kake nema, ba ɗaya ba.

Ta karatu ba ta da wuya. Martin Luta ya fitar da Zaburarsa a 1524, ya sake gyara ta sosai a 1531, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1534, sannan bugun 1545 shi ne wanda aka fi kira na ƙarshe a rayuwarsa. Rubutun 1545 yana nan kyauta a intanet. Idan Jamusancinka bai nuna ba tukuna, fara da gyaran 1912: kalmomin kusan na Luta ne, amma an daidaita rubutun. Akwai waɗanda suka girme ta Luta, irin fassarar Notker na gidan sufaye na St. Gallen, wanda ya rasu a 1022, sai dai wannan ko Bajamushe sai da ƙamus. Ba na ba ka shawarar ta sai in nazarin harshe kake yi.

Ta waƙa ce ke da rikici. Zaburar Luta zube ce, ba a auna ta da gaɓoɓi ba. Shi kansa ya mai da 'yan kaɗan waƙa, kamar ta 46 da ta 130, amma bai yi duka 150 ba. Waɗanda suka yi duka, kowa da karin da ya ɗinka wa kalmominsa, kuma rigar wani ba ta shiga wani.

Ambrosius Lobwasser malamin shari'a ne a Königsberg. Littafinsa ya fito a Leipzig a 1573, kuma ba daga Ibrananci ya fassara ba, daga Zaburar Janeba ta Faransanci ce, wadda aka kammala a 1562. Ya bi ta gaɓa da gaɓa don a iya rerawa da karin Janeba ba tare da an taɓa komai ba. Wannan ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta. Sau da yawa za ka ji an murɗe jimla don ta shiga kari, har wata dattijuwa a kwayarmu takan yi dariya in mun kai wasu baitoci. Duk da haka coci-cocin Rifom, wato masu bin koyarwar John Kalbin na Janeba, sun rera ta sama da shekara ɗari biyu, har Matthias Jorissen ya fitar da sabuwa a kan karin nan ɗin a 1798. In ra'ayina kake so, ajiye Lobwasser don tarihi, ka ba mawaƙa Jorissen. Bakinsu zai fi sakewa.

Mabiya Luta ba su ji daɗin yadda littafin Lobwasser ke shiga gidajensu ba, suna ganin ƙanshin koyarwar Kalbin a jikinsa. Shi ya sa Cornelius Becker, fasto a Leipzig, ya yi tasa a 1602 a kan karin waƙoƙin da Lutarawa suka saba. Daga baya Heinrich Schütz ya yi mata sabon kiɗa na murya huɗu, ya buga a 1628, ya faɗaɗa a 1661. Wannan ita ce na fi so wa ƙaramar kwaya, gajeru ne kuma ba sa buƙatar molo ko ƙaho. Katolika kuma suna da ta Caspar Ulenberg ta 1582.

Ga inda na yi ɓarin kuɗi. Na yi odar Zaburar Schütz daga wani shagon tsofaffin littattafai, ban duba shekara ba, sai ga ta 1619 ta iso. Ita ma Zabura ce, amma a kan zuben Luta, an rubuta ta don kwaya biyu ko fiye da kayan kiɗa. Mu goma sha ne kawai, maza uku. Har yau tana kan kantar littattafai, ba mu taɓa rera ko shafi ɗaya ba. Ka tabbata sunan Becker yana jikin wadda za ka saya.

Wajen nema, kada ka fara da saye. Babban ɗakin karatu na jihar Bavariya da ke Munich da na Wolfenbüttel sun ɗauki hoton dubban tsofaffin littattafai shafi-shafi, ana dubawa kyauta. Kundin VD16 na littattafan ƙarni na 16 da VD17 na ƙarni na 17 za su nuna maka inda kowane bugu yake. Kiɗan Schütz kuma yana IMSLP, shafin intanet da ke ajiye takardun kiɗa. Ka riƙa gwada tsohon rubutu: "Dauids" da u, ba "Davids" kaɗai ba, haka Becker ya rubuta a kan nasa.

Abubuwa uku za su ba ka ciwon kai a makon farko. Haruffan Fraktur, wato tsohon salon buga Jamusanci, inda doguwar s take kama da f. Bayan kwana kaɗan ido yana sabawa. Lamba: a tsofaffin littattafan Katolika, Zabura ta 23 ita ce ta 22, saboda sun bi lissafin Latin, kuma Jamusawa sukan ƙirga kan magana a matsayin aya ta ɗaya, sai ka ga ayarsu ta wuce ta Littafinmu na Hausa da ɗaya. Na uku, a tsofaffin bugun Lobwasser masu murya huɗu, ainihin karin yakan kasance a muryar tena ta maza, ba a ta sama ba. Mun taɓa ɓata maraice guda muna koya wa mata layin da muka ɗauka shi ne waƙar.

Faɗa mini yawan mawaƙanku da ko suna karanta alamar kiɗa, sai in zaɓo maka Zabura biyu ko uku daga ta Becker da za ku fara da su.