Wa ya ba su lambobin kwastomominka?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, ɗan yayata ne ke riƙe mini wayar shago. Ya sauke wata manhajar bashi, muka karɓi naira dubu 80 don ƙara kaya kafin sallah, za a biya dubu 104 cikin kwana 14. Da muka makara kwana 5, sai suka fara tura wa kwastomomina saƙo wai ni ɗan damfara ne. Yanzu yaron ya samo wata da za ta ba mu dubu 150, mu rufe wancan har mu juya ragowar. In karɓa?

Amsa: Kada ka karɓa, Alhaji. Dubu 24 a kan dubu 80 cikin mako biyu, kashi 30 ke nan cikin ɗari. Wace atamfa ce ke kawo wannan ribar a Kwari? Maganar juya ragowa kuwa mafarkin yara ne.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ba ka tambayi yadda aka yi suka sami lambobin mutanenka ba. Kai ka ba su. Ranar da aka sauke manhajar ta nemi izinin shiga jerin lambobi da hotuna da saƙonni, yaronka ya yi ta danna "Allow", wato amincewa, don ya ga kuɗi sun shigo. Shekara nawa ka yi kana tara waɗannan lambobin? Dillalinka na ciki, masu sari daga Maraɗi da Zinder na ciki, har uban gidan da ke ba ka kaya bashi ba takarda. Jarinka ke nan, ka miƙa shi jingina a kan dubu 80.

Na san wani mai kayan masarufi da ya bi hanyar da yaronka ke nuna maka. Manhaja ɗaya ta zama uku. Aka yaɗa hotonsa, wanda ke ba shi shinkafa bashi ya ce daga yau kuɗi hannu. Bashin ya biya cikin wata biyu, amma sai da ya shekara yana sayen kaya da tsabar kuɗi kamar baƙo.

Akwatin kukis, wato wanda shafukan intanet ke nuna maka suna neman izinin ajiye bayanan ziyararka, bai kai wannan haɗari ba, yawanci bibiyar abin da kake dubawa ake yi don a turo maka talla. Ka zaɓi ƙin amincewa in an ba ka dama. Sai dai hannun da ya saba danna amincewa ba karatu a can, shi ne ya danna a nan.

Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store neman lambobi da hotuna. Ka tambayi yaron inda ya samo tasa. Ina zargin ta WhatsApp aka turo masa. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kana iya kai ƙara hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, wadda ke fitar da jerin masu ba da bashi ta waya da ta amince da su. Ka ajiye saƙonnin da suka tura a matsayin hujja. Kai ƙarar, amma kada ka zauna jiranta.

Ka karyar da 'yan turame ka biya masu manhajar a makon nan, ko ka je wa uban gidanka da gaskiyar magana. Manyan kwastomominka ka kira su da bakinka, kada ka bari yaron ya tura saƙo. Cire izinin a saitin waya ba zai dawo da abin da suka riga suka kwafa ba, duk da haka ka cire, ka goge manhajar bayan ka karɓi shaidar biya.

Wayar shago kuma ta dawo aljihunka. Ɗan yayarka ya sayi tasa.