Wane tsohon kan jirgi zan ɗora a kan dogona?

Tambaya: Na shimfiɗa dogon jirgin ƙasa na wasa na kamfanin Hornby, samfurin OO (wani ma'aunin girman jiragen wasa), a kan tebur, ina sha'awar tsohon kan jirgin wasa mai siffar na tururi. Wani dillali a Ingila yana da biyu: Duchess of Montrose na Hornby Dublo, da ɗan Jinty na kamfanin Tri-ang. Hankalina ya fi kwanciya da Duchess. Me ka gani?

Amsa: Malam, Duchess ɗin ya fi kyau nesa ba kusa ba, jikinsa ƙarfe ne mai nauyi, ana jinsa a hannu. Sai dai dogonka ba zai karɓe shi ba.

Hornby Dublo, wanda kamfanin Meccano ya fara ƙerawa a Libaful a 1938, dogo uku yake amfani da shi: wuta ta shiga ta na tsakiya, ta fita ta ƙafafu. Sai a 1959 suka fito da mai dogo biyu, kuma Montrose ɗan tsohon tsari ne. Faɗin dogonsa da naka ɗaya ne, milimita 16.5, zai hau ya zauna daram. Amma ƙafafunsa na dama da na hagu a haɗe suke da ƙarfe, kana kunna wuta za ta haɗe, ko motsi ba zai yi ba. Akwai masu mayar da shi na dogo biyu, amma kuɗin aikin kan kai na kan jirgin.

Jinty kuwa tun asali na dogo biyu ne, bolt 12. Injinsa X04 ba ya da wuyar sha'ani. Sabon buroshi da ɗigon mai, ya tashi. Gajere ne, kwana ba ta damunsa. Matsalarsa leɓen ƙafa mai zurfi. A kan siririn dogon Code 75 (lambar tsayin ƙarfen dogo ce) za ka ji yana ƙar-ƙar-ƙar yana dukan katakon ƙasa, a mararraba ya yi tsalle. In naka Code 100 ne, wanda ya fi tsayi, matsalar za ta ragu.

Kafin ka biya, ka nemi hoton ƙarƙashinsa daga kusa. Tutiyar da aka zuba wasu tsofaffin kayan wasa da ita, in darma ta shiga cikinta, kumbura take ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, kuma ba ta da magani. Ka ga tsaga ko siririya ce, ka bar masa kayansa. Ka kuma ce ya turo bidiyo yana tafiya a hankali, gaba da baya.

In Duchess ya ƙi fita ranka, sayo shi tare da zoben dogonsa mai uku, ka ba shi nasa gefen teburin.