Tambayoyin Masu Karatu: Na Tsinci Kaset ɗin Mahaifinmu, Amma Ban San Sunan Kiɗan Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna yara, mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da wani kaset na kiɗan Turawa irin na da, goge zalla babu waƙa. Na tsince shi a akwatinsa, rubutun jiki ya goge, rikoda kuma ta fara cin zaren. Yaya zan cece shi, in kuma gano sunan kiɗan? Daga mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yi wa Baba rahama. Da farko dai, kada ka sake saka kaset ɗin a wannan rikodar. Sau da yawa laifin cin zare na na'ura ne: akwai wata 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikin siririn ƙarfe mai juyawa, idan ƙurar hunturu ta daskare a kanta sai zaren ya liƙe ya nannaɗe. A ɗiga sifirit a auduga, a goge tayar da ƙarfen da kan da ke karanta zare, wanda masu gyara ke kira hed, a bari su bushe. In har bayan haka sautin yana rawa, bel ne ya saki. Masu gyaran rediyo na Babbar Kasuwa za su canza maka. Gwada ta da wani kaset da ba ka jin asararsa tukuna.

Shi kuma kaset ɗin, zura biro mai kusurwa shida a ramin, ka nannaɗe zaren a hankali har ƙarshe, ka dawo da shi, don ya saki inda ya manne. Leƙa tsakiyar bakinsa: akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe da ke danna zare a jikin hed. In ya faɗi, sauti zai fito a dushe. In gidan mai sukuru ne, a kwance shi a mayar da zaren cikin gidan wani kaset mai lafiya. Ka ga C-90 a jiki, wato kaset mai minti 90? To a bi shi sannu, zarensa ya fi na C-60 siranta. Farar funfuna irin ta damina kuwa, kai wa mai gyara kawai.

Kunnawar farko ita ce ta ɗaukar sautin, don ba lallai zaren ya jure ta biyu ba. Haɗa rikodar da kwamfuta ta ramin abin saurare, ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. In babu kwamfuta, ajiye wayar hannu taƙi ɗaya daga lasifika, a kashe fanka. A sa sabon batir: kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, batir mai rauni kan rage wannan gudun.

Nan ne ma mutane ke shan wahala wajen neman suna. Manhajar gano waƙa ta Shazam ba karin kiɗa take ganewa ba, ainihin ɗaukar da aka yi take daidaitawa da wadda ke rumbunta, saboda haka gudu ya ɗan kauce sai ta ce ba ta sani ba. Google ya fi haƙuri: taɓa alamar makirfo, zaɓi neman waƙa, ka rera karin da hanci ko ka yi fito na daƙiƙa 10 zuwa 15. Rera wurin da ya fi maimaituwa.

Ko ka samu sunan, da sauran aiki. Irin wannan kiɗa a rubuce yake, ƙungiyoyi da yawa sun buga shi, kowace da salonta. Ɗauki kiɗan lokutan shekara huɗu na Vivaldi, ɗan Italiya, da aka wallafa a 1725: kashi huɗu ne, kowanne gaɓa uku, wataƙila gaɓa ɗaya cikin 12 ce ta zauna maka a kai. Wasu makaɗan zamani kuma suna ɗaure tsirkiya a ma'aunin sauti 415 maimakon 440 da aka saba, wato ƙasa kaɗan, suna kuma ƙara sauri, sai ka ji kamar ba shi ba. Shi ne, hannun ne daban. Rubuta sunan mawallafin da lambar kiɗan a YouTube, ka fara da ɗaukar shekarun 1960 zuwa 1980, kana gwada tsawon mintocin gaɓar da abin da ka ɗauko daga kaset.