Amsa ga mai tambaya kan zuwa filin besbol na Fenway a Boston

Malam, na ga tambayarka: za ka zo Boston wajen bikin kammala karatun ɗanka, yana so ya kai ka filin Fenway, kai kuma ba ka san komai a besbol ba, shin zagayen ganin fili za ka shiga ko kallon wasa? Na daɗe a wannan jiha ta Masachusets, na sha kai baƙi can. Shawarata ka yi duka biyun a rana ɗaya, amma zagayen ya zo farko.

Ga dalili. Wanda ya tashi da kallon ƙwallon ƙafa, in aka zaunar da shi gaban besbol kai tsaye, sai ya ga kamar ba abin da ke faruwa: wannan ya jefa, wancan ya tsaya da sanda, jama'a su yi ihu, shi bai san dalili ba. Amma in ka fara bin mai jagora na kusan awa ɗaya, ya nuna maka lungu da saƙo, da yamma filin ya riga ya zama wurin da ka sani. An buɗe shi a 1912, kuma babu filin da ya girme shi cikin waɗanda ake buga babbar gasar Amurka a yau. An gina shi a tsakiyar unguwa, tituna sun matse shi, shi ya sa bai da siffa daidaitacciya. Ta hagu wuri ya yi kaɗan, sai aka ɗaga katanga mai tsayin ƙafa 37, koriya shar, wadda suke kira Green Monster, wato koren dodo. A jikinta akwai allon maki da har yanzu mutane ne ke zaune a bayansa suna saƙala lambobi da hannu. A 2003 aka sa kujeru a samanta, kuma masu zagaye kan hau can. Ranar da na fara tsayawa a wurin na leƙa ƙasa, a nan na gane wahalar da mai bugu ke sha kafin ƙwallonsa ta tsallake.

Ka ce a nuna maka jar kujerar nan guda ɗaya tak da ke cikin korayen kujeru ta dama. A nan ƙwallon da Ted Williams ya buga a 1946 ta sauka, nisan ƙafa 502. Daga inda mai bugu ke tsayawa ka dube ta, sai ka jinjina. In kuwa kai ɗan Liverpool ne, to ka zo gida, don kamfanin da ya mallaki ƙungiyar Red Sox, masu wannan fili, shi ya sayi Liverpool a 2010.

Ƙa'idar wasan a taƙaice: zagaye tara ake yi. A kowane zagaye kowace ƙungiya na samun damar bugu har sai an fitar da 'yan wasanta uku. Maki na shiga ne in ɗan wasa ya kewaye tashoshi uku ya dawo gida, wato inda ya yi bugu. Wannan ya ishe ka, saura ɗanka ya riƙa yi maka bayani. Tun da aka sa wa mai jifa agogo a 2023 wasa ya rage ja, yawanci bai kai awa uku ba.

Wajen sayen tikiti ka buɗe ido. Tsohon gini ne, akwai ginshiƙan ƙarfe da ke riƙe da rufi, wasu kujerun suna bayansu. In ka ga tikiti ya yi araha fiye da na maƙwabtansa, ka karanta abin da aka rubuta a kansa. Kujerun katako na cikin rumfa kuma matsattsu ne, mai jiki zai takura. In ƙungiyar Yankees ta New York ce baƙuwa, farashi na tashi sosai, don adawar da ke tsakaninta da Red Sox ta fi shekara ɗari. A karon farko ba sai ka nemi wannan ba. Ka kuma duba lokacin zagayen ganin fili tun kafin ranar, saboda ranar wasa ana tsayar da shi da wuri.

Kada ku je da mota. Ku hau jirgin Green Line ku sauka a Kenmore, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, ku bi ayarin masu jajayen huluna. Babbar jaka ba ta shiga, tikiti a waya yake, ciniki da kati. Bikin kammala karatu yawanci a watan Mayu ake yi, kuma dare a Boston a lokacin yana da sanyi, ka riƙo rigar sanyi ko da rana ta yi zafi.

Abu biyu da ba wanda zai gaya maka a can. Na farko abinci: tsiran da ake soyawa a bakin titi yana ƙamshi yawancinsa naman alade ne, haka da yawa daga na ciki, don haka ni gyaɗa da gugguru nake saya, ko mu ci abinci kafin mu shiga. Giya kuma ana shanta kusan ko'ina a kujeru, gara ka san da haka tun yanzu. Na biyu salla: wasan dare kan fara da misalin ƙarfe 7, magariba za ta same ku a ciki, kuma in ka fita ba a komawa. Ni nakan shiga da alwala, in nemi kusurwa a bayan kujeru inda ba cunkoso. In ka fi son kwanciyar hankali, ku nemi wasan rana na Lahadi, a tashi da sauran rana, ku wuce babban masallacin Roxbury ku yi la'asar a can.