Tambaya Da Amsa: Wai Da Gaske A Landan Da Waya Ake Biyan Kuɗin Mota?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Zariya, in Allah ya yarda wata mai zuwa zan tafi Landan karatun digiri na biyu. Abokina da ya riga ni zuwa ya ce can ko bas ba a shiga da tsabar kuɗi, waya kawai ake karawa a jikin na'ura. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, mu da muka saba da POS da tiransifa da jiran alat, a ce babu fin babu komai kuɗi ya fita? In aka sace wayar fa?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Abokinka gaskiya ya faɗa maka, tun Yulin 2014 bas ɗin Landan suka daina karɓar tsaba, kuma a Satumbar wannan shekarar jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara karɓar katin banki da ake karawa. In ka shiga bas za ka ga wani faifai ruwan ɗorawa kusa da direba, ka kara bayan wayarka, ya yi ƙara ɗan fitila ya koma kore, shi kenan ka nemi kujera.

Kan tsoron da kake ji, ni wallahi na fi yarda da waya a kan katin kansa. Fasahar sunanta NFC, ba ta aiki sai wayar ta matso kamar santimita 4 da na'urar, kuma in ka saka katinka a manhajar biyan kuɗi ta waya irin Apple Pay ko Google Wallet ba ainihin lambar katin ake miƙa wa mai shago ba, wata lamba ce ta daban da aka keɓe wa wayarka kaɗai, sannan a iPhone ba za a cire ko sisi a shago ba sai ta ga fuskarka ko yatsanka, ko an saka lambar sirrin buɗe wayar. Kati kuwa duk wanda ya tsinta zai iya karawa ya yi sayayya, ga shi a 2021 Birtaniya ta ɗaga iyakar abin da ake biya da shi a karo ɗaya ba tare da fin ba zuwa fam 100. Mu nan Najeriya CBN a 2023 ta tsayar da iyakar irin wannan biya a naira 15,000 a karo ɗaya, 50,000 a yini. In aka fizge wayar, kuma ana fizgewa a Landan sosai, ka yi maza ka rufe ta ta Find My, wato manhajar nemo waya da kulle ta daga nesa, ka kira banki.

Inda baƙi suka fi yin asara wani wuri ne daban. A jirgi sai ka kara a ƙofar shiga ka kuma kara a ta fita, kuma dole da abu ɗaya. Ka shiga da waya ka fita da kati, ko da asusun ɗaya ne, na'urar TfL, wato hukumar sufurin Landan, mutum biyu ta gani, sai a caje ka kuɗin tafiya mafi tsada har sau biyu, ka kuma rasa rangwamen nan na iyakar abin da ake cirewa a yini. Bas kam sau ɗaya ne, wajen shiga, kuma in ka canza wata cikin awa ɗaya ba a sake cire maka.

Sai caji. Waya ta mutu kana tsakiyar tafiya, ba ka da abin nuna wa masu duba tikiti, tara na iya hawa kanka. Ka riƙe fawa bank a jaka, sanyin can yana shan batir.

Katin naira yawanci ba ya shiga Apple Pay, don haka kana sauka ka sayi katin Oyster, wato katin shiga bas da jirgi na Landan, ka zuba masa kuɗi ka lallaɓa da shi, har ka buɗe asusu a bankin can.